Daga Argungu Zuwa Yauri, Neman Kayan Masaukin da Za Su Jure Ƙasar Kabi

Maigidan da nake kula wa da harkokin gine-gine ya kammala wani ƙaramin masaukin shaƙatawa a gefen garin Argungu, ba nisa da Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi a cikinsa, sai ya ɗora mini nauyin sayen kayan da za a zuba a ciki da waje: gadaje da durowoyin tufafi, teburan cin abinci, kujerun zauren karɓar baƙi, da kuma na rumfunan da ke fuskantar gulbi. Shi abin da ya so shi ne in nufi babban kanti in zaɓi masu kyau a loda a mota. Na roƙe shi ya bar ni in fara zagaya jihar Kebbi tukuna, domin masauki a Argungu yana da wata larura da otal na cikin babban birni ba shi da ita.

Bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, shi ne yake cika garin da baƙi, amma kwanaki kaɗan yake yi a wajajen Fabrairu ko Maris. Ba kuma kowace shekara ake yin sa ba, don an shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Saboda haka kujerar da za a saya wa irin wannan wuri za ta sha hayaniya ta ɗan lokaci, sannan ta yi watanni a ɗaki rufe ko a ƙarƙashin rumfa babu mai duba ta. Abin da ya fi kashe kaya a wurare irin namu shi ne wannan zaman banzan, inda gara take aikinta a ɓoye, hunturu yake tsotse katako, zafin bazara yake dafa soso da leda, damina kuma ta zo da danshi ta ƙarasa.

Na tashi da sassafe zuwa Birnin Kebbi, hanyar tana ratsa gonakin shinkafar rani da ke fadama. Kafin in shiga kowane kanti, na nemi wani tsohon abokina da ke aiki a wani otal da ya kwana biyu, na ce ya kai ni ɗakin da suke tara kayan da suka lalace. A ganina duk mai shirin sayen kayan otal da irin wannan ɗaki ya kamata ya fara, domin a nan ne kaya suke faɗin gaskiyarsu. Akwai durowa wadda samanta ke nan sumul kamar ba a taɓa amfani da ita ba, amma ƙasanta ya kumbura yana marmashewa kamar burodin da ya sha shayi, saboda da allon garin katako aka yi ta, wanda kafintoci ke kira MDF, kuma ruwan mopa na kullum ya ishe shi. Akwai kujerun kushin da ledarsu ta saɓule a daidai inda wuya da hannu suke taɓawa. Na juya wani tebur na ga duk ƙusa aka haɗa shi da ita, ramukan ƙusoshin sun buɗe, ƙafafun suna rawa. A can kusurwa kuwa wani tsohon benci ne na madaci, ba fenti ba ado, wanda abokin nawa ya ce ya riga shi zuwa wurin, kuma har yanzu a kansa masu gadi suke kwana.

Daga nan na shiga kantunan. Ba zan ce ba su da kaya masu kyau ba, kuma farashin wasunsu yana da dama, sai dai yawancin abin da ke ɗaukar ido an yi shi ne domin falon da na'urar sanyaya ɗaki take aiki dare da rana. Wani mai kanti ya nuna mini saitin kujerun waje na saƙar roba mai kama da kaba, ya ce ai araha ba ta ado. Na tambaye shi ko an haɗa robar da maganin da ke kare ta daga hasken rana, da kuma irin ƙarfen da ke ƙarƙashin saƙar, sai ya ce shi dai daga waje aka kawo. Irin wannan saƙa idan mai kyau ce kuma a kan alminiyam aka yi ta, tana daɗewa. Idan maras kyau ce sai ta bushe ta kakkarye, kuma babu mai iya sake saƙa ta a Argungu. Tun daga wannan kanti na ɗauki ƙa'ida guda, cewa ba zan sayi abin da kafinta ko mai walda na garinmu ba zai iya gyarawa ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne wajen 'yan katako. Mafi yawan falankan da ake sayarwa a arewa daga dazukan kudu ake kawo su, kuma sau da yawa suna isowa da ruwansu. Idan aka yi gado da ɗanyen katako a watan Satumba, to kafin Janairu, lokacin da danshin iska yake sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, za ka ji shi yana ƙara da dare, ka ga tsaga ta bi tsawonsa, ƙofar durowa ta karkace ta ƙi rufuwa. Masana katako ba sa son danshin da ke cikin na kayan ɗaki ya wuce kashi 12 cikin ɗari, a ƙasa mai bushewa irin tamu ma gara ya gaza haka. Wani dattijon kafinta da ke da rumfa a bayan kasuwar ya nuna mini yadda yake ganewa ba da na'ura ba. Ya ɗauko falanki biyu na madaci masu kauri ɗaya ya ce in ɗaga, ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai. Ya sa zarto ya yanke bakin mai nauyin, ya kama hannuna ya ɗora a wurin yankan, na ji sanyi da laima, sannan ya dunƙule garin a tafinsa ya buɗe, sai ga shi ya cure bai warwatse ba. Na ɗayan kuwa da ya hura sai ya tashi.

"Ɗana, wanga icce bai gama mutuwa ba," in ji shi. "In kana son aiki na ƙwarai, ka saye shi yanzu mu jera shi cikin inuwa da 'yan sanduna tsakani, iska shi ratsa, hunturu shi gama da shi tukuna."

Na ce, "Baba, to in maigidana yana sauri fa?" Ya ce sai ya biya sau biyu.

Shi ne kuma ya ja hankalina ga farin gefen falanki. Jan tsakiyar madaci ko loko ko kawo shi ne mai jure ƙwari, farin da ke kusa da ɓawo kuwa shi gara da ƙwaron da ke huda katako suke fara ci, kuma kafinta maras amana yakan ɓoye shi a ƙarƙashin fenti mai duhu. Don haka muka yi sharaɗin cewa zan ga kowane kaya tsirara kafin a shafa masa komai, kuma haɗin ya zama na rami da harshe da gam, ba na ƙusa kaɗai ba. Na yi masa maganar kirya, wadda kowa ya san taurinta tun da ita ake sassaƙa turmi kuma gawayinta maƙera suke nema. Ya ce ta fi dacewa da ƙafafu da ginshiƙan rumfa, domin ba ta cika ba da dogon falanki miƙaƙƙe ba, kuma tana cinye bakin zarto. Maɗobiya kam na cire ta daga lissafi duk da kyawunta, saboda saran da aka yi mata domin fitarwa zuwa Sin ya kai ga sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tun 2017, kuma bai dace wurin da yake cin abinci da kyawun ƙasa ya taimaka wajen ƙarar da ita ba.

A Jega na tsaya wajen masu walda. Kujerar ƙarfe ta waje daga ciki take fara mutuwa, domin ruwa yana shiga bututun ƙafa ya kwanta, tsatsa ta ci daga can har ranar da baƙo zai zauna ta lotse da shi, alhali fentin waje yana nan da ƙyallinsa. Na nemi bututu mai kaurin da bai gaza milimita ɗaya da rabi ba, a toshe duk bakunansa, a goge waldar, a fara shafa jan fenti na hana tsatsa kafin na ado, a sa wa ƙafafun takalmin roba. Wani matashi a cikinsu ya ba ni shawarar a yi har mazaunin da ƙarfe don ya fi ƙarko. Na ce ya ɗora hannunsa a kan ƙofar da ya jingine a rana, ya taɓa ya janye yana dariya. A watan Afrilu zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, kuma babu baƙon da zai zauna a kan baƙin ƙarfen da ya wuni a fili. Muka tsaya a kan firam na ƙarfe da mazaunin sandunan katako da aka ɗaure da noti, yadda in ɗaya ya lalace za a kwance shi kaɗai a sauya. Alminiyam ba ya tsatsa, amma ba shi da nauyi, guguwar farkon damina tana iya kwashe shi zuwa gulbi, kuma masu iya waldarsa ba su da yawa a wajenmu. Farar kujerar roba kuwa, wadda rana take mayar da ita gari har ta bar fari a rigar mutum, na yanke shawarar a riƙa hayarta lokacin biki kawai.

Hanyar Koko zuwa Yauri tana da tsawo, kuma na isa Yelwa, babban garin Yauri, a gajiye. Abin da ya kai ni shi ne masu haɗa jiragen ruwa na katako a bakin Neja, inda ruwan ya faɗaɗa tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, don na ga babu wanda ya fi su sanin abin da ruwa yake yi wa itace. Na sami wani Basarke yana gyaran wani tsohon jirgi da aka kife a kan yashi. Ya bubbuga cikin jirgin da guduma, wurin da kullum yake nutse, ya yi ƙara garau; ya matso sama daidai inda ruwa yake taɓawa ya janye, sai bakin wuƙarsa ya shige ba da wahala ba. Ya ce itacen da ke cikin ruwa kullum ba ya saurin ruɓewa, wanda ke bushe kullum ma haka, wanda yake jiƙa ya bushe ya sake jiƙa shi ne abin tausayi. Wannan ya sauya mini tsarin rumfunan gaba ɗaya: a daɓe ƙasansu da siminti a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta, kada ƙafar katako ta taɓa ƙasa kai tsaye, a bar tazara tsakanin sandunan mazauni, kuma a shafa mai maimakon fenti mai kauri da yake tsagewa ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa. Ya kuma tuna mini ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ya ce duk abin da za a ajiye a bakin gulbi ya zama mutum biyu za su iya ɗauka da gudu. Sai na fasa manyan teburan da na yi niyya, na koma ga ƙanana da ake jerawa su zama ɗaya, da kujerun da ake ɗora wata kan wata.

A kasuwar garin na ga gadaje da kujerun tukurwa da tabarmin kaba. Ba su da tsawon rai idan aka bar su a ruwa, amma suna da sanyin zama, ba su da tsada, kuma baƙon da ya taso daga Legas ko Turai don ganin Matan Fada irinsu yake son gani, ba kwafin abin da ya baro a gida ba. Na sa su cikin kayan da za a riƙa sabuntawa, tare da tim-tim na fatar jan akuyar Sakkwato don zauren baƙi, wanda shi ma yana son a riƙa shafa masa mai da hunturu. Sosan kujeru na zaɓi mai nauyi, da riguna masu zif da ake cirewa a wanke, launin ƙasa-ƙasa saboda ƙura.

Da na koma Argungu na zayyana wa maigidan lissafin, wanda ya fi na kanti tsada da farko kuma ya fi shi jinkiri. Ya yarda da komai ban da jiran katakon, sai muka raba: ɗakunan da ake bukata da gaggawa a sa musu gadajen ƙarfe daga Jega, sauran a jira madacin ya bushe. Na ƙara da albashin yaro guda wanda aikinsa a watannin da babu baƙi shi ne buɗe tagogi, janye kaya daga jikin bango, da duba hanyar gara kowane mako. A yarjejeniyar biya na sa a riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin har kayan su ga hunturu guda da damina guda. Dattijon kafintan ya karɓa nan take, mai waldar kuwa sai da muka sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma kafin ya sa hannu.