Wai in riƙa goge gilashin kamarata

Cikin duk maganganun da anka taɓa rubuta min a ƙarƙashin hoto tunda na fara shiga gasannin hoto na intanet, wadda har gobe in na tuna sai na yi dariya ita ce ta wani bawan Allah da ya ce hoton ya yi kyau ƙwarai, saura kawai in riƙa goge gilashin kamara kafin in ɗauka. Kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, har da ba ni shawarar irin tsumman da ya kamata in saya.

Hoton kuwa bakin gadar Kwalkwalawa na ɗauke shi, hanyar zuwa jami'a, wata safiya cikin watan Janairu ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Wani mutum ne ya janyo raƙumi da kayan kara, can bayansa fadamar Rima, masu albasa sun duƙa cikin fangali, rana kuma ta fito fari fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido ba ta yi maka komai ba. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Sakkwato ya san irin safiyar ga, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, gashin ido ya yi fari kamar an barbaɗa maka gari. Ni abin da na je ɗauka ke nan. Shi kuma mutumina abin da ya gani datti ne a gilashi.

Gasar irin wadda ake ba da jigo duk sati ce, mahalarta su ba juna maki daga 1 zuwa 10, wanda ya ga dama ya bar 'yar magana. Bayan mai tsumma sai wasu biyu sunka biyo baya, ɗaya ya ce hoton ba shi da ƙarfi, baƙin bai yi baƙi ba farin bai yi fari ba, ɗayan ya ce akwai wani maɓalli na share hazo a Lightroom, manhajar gyaran hoto, in gwada shi. To lokacin ina sabon shiga, duk abin da Bature ya rubuta ji nake kamar yankan wuƙa ne. Na zauna na ja maɓallin nan har kusan ƙarshe, hazo ya washe, itatuwan can nesa sunka fito raɗau, sama ta ɗan yi shuɗi, na ƙara ma kalar gishiri, kai ni kaina sai da hoton ya burge ni. Na ɗauki kwamfuta na kai ma Inna tana zaune tsakar gida tana tsince shinkafa, ta duba ta ce, nan kuma ina na? Na ce Kwalkwalawa ce Inna. Ta ƙara dubawa ta ce, Kwalkwalawar wace ƙasa?

Ban ƙara taɓa maɓallin nan ba a hoton hunturu. Amma fa sai da na daɗe kafin in gane cewa laifin ba na mai tsumma ba ne shi kaɗai. Mutumin da bai taɓa ganin hazo irin namu ba ta ina zai san cewa iska ce ke tasowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har zuwa Maris, tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta ma daga wani busasshen gindin tafki da ake kira Bodele can arewacin Chadi, ta zo ta rufe mana gari har wani lokaci jirgin sama ya kasa sauka? Ni ban rubuta komai a ƙasan hoton ba sai kalma ɗaya, safiya. Da na sake tura shi wata gasar yadda yake da hazonsa, na ƙara layi biyu na bayani, sai ga wata mata daga Kanada tana cewa tun da take ba ta san ƙura na iya yin laushi haka a ido ba, ta ɗauka hayaƙi ne. Ban ci komai ba a nan ma, amma dai ba wanda ya aike ni sayen tsumma.

Wani abin kuma da na sani daga baya, in da gasar hoton jarida ce wannan jan maɓallin da na yi yana iya sa a kore ni gaba ɗaya. A gasar World Press Photo ta 2015, wadda ake shiryawa daga Amsterdam, kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da sunka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su saboda an yi musu gyaran da ya wuce gona da iri. Shi ya sa manyan gasanni ke neman asalin fayil ɗin RAW, wato hoton yadda kamara ta ɗauke shi ba a taɓa shi ba. Ni ma ya taɓa fitar da ni kunya, a 2023 bayan Bajamushen nan Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar Sony saboda hoton nasa na'ura ce ta ƙirƙira shi, kowa ya zama ɗan sanda, wani ya rubuta a ƙasan hoton rakuman kasuwar Illela da na sa wai wannan aikin kwamfuta ne rakuman sun jeru da yawa. Na tura asalin fayil ga masu gasar magana ta mutu.

Amma kar a ce kullum su ne ba su gane ba. Akwai wanda ya dake ni da gaskiya, kuma har yau ina masa addu'a ko da ban san addininsa ba. Hoton hawan Sallah ne, an taso daga Fakon Idi za a nufi fadar Sarkin Musulmi, na samu wani mahayi da farin rawani da farar babbar riga, dokinsa ya ɗaga ƙafa, dogarai da jajayen kayansu a gefe. Ni a ganina na gama da kowa. Mutumin ya rubuta layi ɗaya tal: rawanin nan ba zare ko ɗaya a cikinsa. Na ji haushi, na buɗe hoton na zuƙo shi, wallahi gaskiyarsa, inda rawani yake farin fili ne kawai kamar an yage takardar, ba naɗi ba lanƙwasa, aikin da ke wuyan rigar ma ya ɓace ɓat.

Nan ne matsalar mu masu ɗaukar hoto a ƙasar ga take, kuma ba kasafai darussan YouTube ke taɓa ta ba. Farin kaya, baƙar fata, rana mai ƙarfi tun ƙarfe tara na safe, fuskar kuma tana ƙarƙashin inuwar rawani. In ka bi fuska rigar ta ƙone, in ka bi riga fuskar ta zama duhu. Kamarar ba ta iya ɗaukar biyun lokaci guda yadda ido ke yi. Abin da na koya bayan nan shi ne in rage haske da mataki ɗaya ko kusa da haka, in kunna alamar nan da ke ƙyafƙyafta a allon kamara duk inda fari ya ƙone, in ɗauka a RAW, sannan a gida in ɗago duhun fuskar a hankali, don abin da ya yi duhu ana iya ceto shi amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Doki mai gudu kuma kar ka bar kamara ta daɗe tana ɗauka fiye da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa in kana son ƙafafun su tsaya cak. Dama can ita sana'ar ba da fatarmu anka auna ta ba, shekaru da dama kamfanin Kodak da hoton farar mace ake daidaita kalar wankin hoto, to ka ga dole mu nemo dabararmu.

Su kuma masu cewa hoton ya karkace, gaskiya sun fi a ƙirga kuma kusan kullum suna da gaskiya, ban san me ya sa hannuna ke zubewa hagu ba. Masu masha Allah da alamar wuta kuwa na gode musu amma ba abin da na taɓa ƙaruwa da shi. Gasar da ake cin ta da yawan layik ma na bar shiga, don ba hoto ake aunawa ba, yawan guruf ɗin WhatsApp da mutum ke ciki ake aunawa, ka wuni kana roƙon 'yan ajinku na sakandare kamar mai neman kansila.

Akwai wata guda da ba na son tunawa. Hoton wani almajiri ne da kwanonsa, ya samu maki sosai, Turawa nata yabo, sai wata 'yar'uwa Bahaushiya, daga rubutunta na gane 'yar Nijar ce, ta rubuta da Hausa don ni kaɗai in ji: malam ka tambayi yaron ga kafin ka ɗauka? In ƙanenka ne za ka sa shi? Ban ba ta amsa ba. Da dare na cire hoton.

Wanda na fi son in ba da labarinsa dai shi ne na Madunka, unguwar dukawa. A 2017 gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi a rumbun hotuna na Wikimedia tun 2014, ta ba da jigon mutane a bakin aiki, sai na ce ai mu a Sakkwato ba sai mun je nesa ba. Na tafi wajen wani dattijo baduku da mahaifina ke kai ma aiki tun muna yara, na gaishe shi, na nemi izini, ya ce in yi abin da ya kawo ni kar dai in tare masa haske. Fuskarsa ce ta ɗauke min hankali, furfura, tabarau a ƙarshen hanci, hasken ƙofa ya bugo gefe ɗaya. Na matsa kusa na cika hoton da fuskar. Kafin in ɗora can sai na fara gwada shi a wani dandalin da masu hoto ke duba ma juna aiki, wani ɗan Indiya ya ce fuskar ta yi kyau, hasken ya yi, amma jigon ai aiki ne, wane aiki tsohon ke yi? Shi dai mai karatu ya gani ko mai gyangyaɗi.

Na yi ta masa bayani cikin zafi, wai ai baduku ne, ai fatar jan akuyar Sakkwato ce da majema ke jeme ta da bagaruwa, wadda tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da ita har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Ya ce duk wannan labari ne mai daɗi, amma a rubutuna yake, ba ya cikin hoton. Ka ga bambancinsa da mai tsumma ke nan. Dukkansu ba su san garinmu ba, amma shi mai tsumma abin da ke cikin hoton ne bai gane ba, wannan kuwa abin da babu a ciki ne ya nuna min. Ni don na san tsohon baduku ne tun ina yaro, sai na ɗauka kowa ma in ya kalli fuskarsa zai ji warin fata.

Duk da haka ban yarda ba, na wanke hoton na kai ma Baba badukun da kaina, a raina ina cewa shi ai zai yaba. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya juya shi ta baya kamar akwai saura can, ya ce, ɗana, ina hannuwan? Na ce Baba fuskar na ɗauka. Ya ce, huska ai kowa na da ita, ko wanda bai iya komi ba. Ya miƙo min abina ya ci gaba da aikinsa.

Washegari na koma. Wannan karon zama na yi ƙasa gefensa kusan awa biyu ban ɗauki komai ba sai kallo, yadda yake huda fata da basilla, yadda yake jan zaren fata da hannu biyu ya ɗaure, babban yatsansa na dama da ya yi kanta har ya canja kama, jar fata da koriya da baƙa a baje gabansa, wani tumtum da ba a gama ba a jingine da bango. Na ja baya na sa gilashi mai faɗi, hannuwan a gaba, fuskar tana can sama ta ɗan dushe amma ana ganinta. Shi na ɗora, da cikakken bayani da Hausa da Turanci, sunan sana'ar da unguwar da irin fatar. Bai ci kyauta ba shi ma, amma tunda can lasisin na kowa ya ɗauka ne in dai zai ambaci mai shi, na dai san yana nan duk mai neman hoton dukanci zai ishe shi.

Na wanke wannan ma na kai masa. Ya daɗe yana dubawa, har na fara jin daɗi, sannan ya sa yatsa a kan gafakar da ke hannunsa cikin hoton ya ce, wanga ya hi, amma kash, wagga gafaka ta gaggawa ce, mai ita tahiya zai yi, dibi ɗunkin bakinta. Ka dawo ran Laraba in Allah ya kai mu, akwai wadda nika yi ma wani malami, ita za ka ɗauka.