Daga Salamanka Zuwa Lebrija, Ina Bin Sawun Aikatau Ɗaya

Jirgin ƙasa mai sauri da ke tashi daga tashar Chamartín ta Madrid yana kai mutum Salamanka, wani gari na ƙasar Sifaniya, cikin ƙasa da awa biyu. Da an ratsa ramin da aka haƙa ƙarƙashin duwatsun Guadarrama aka wuce Segobiya, sai ƙasa ta buɗe fetal: gonakin alkama da aka gama girbewa, jefi-jefi ƙauye da hasumiyar cocinsa, rana kuma har ƙarfe tara na yamma ba ta da niyyar faɗuwa. A watan Yuli na je. Nahawun Hausa nake koyarwa a gida, abin da ya kai ni kuwa kwas ne na Sifaniyanci da jami'ar garin ta daɗe tana shirya wa baƙi. Ƙanena da ke fatauci zuwa Malabo ta Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci ne harshen gwamnati, shi ya fara sa mini kwaɗayin abin. Duk dawowar da zai yi sai ya koka: sunayen kaya ya haddace su tsaf, amma aikatau ya ƙi ya zauna masa wuri ɗaya.

Na sauka a gidan wata dattijuwa da ke karɓar ɗalibai, kusa da tsohuwar gadar Rumawa ta kogin Tormes. Idan wayarta ta yi ƙara, kalma ɗaya take fara furtawa: "Dígame", wato "faɗa mini". A kantin magani ma da ita ake tarbar mutum, haka a tagar sayar da tikiti. Da muka shiga aji sai ga shi aikatau ɗin da ke cikinta, decir, "ce" ko "faɗa", shi malamarmu ta zaɓa mu bi daga farko har ƙarshe, domin a cewarta wanda ya iya da shi, sauran ba za su ba shi tsoro ba.

Aikatau a Sifaniyanci gida uku ne, gwargwadon yadda ƙeyarsa ta ƙare: -ar, -er, -ir. Decir ɗan gida na uku ne, amma ba ya bin layi. A lokaci mai ci ana cewa digo, dices, dice, decimos, decís, dicen. Ba a bukatar wakilin suna ko kaɗan, digo kaɗai ta isa ta nuna ni ne mai maganar kuma yanzu nake yin ta. Mu a Hausa aikatau yana nan daram, a gabansa ake yin aikin: na ce, ina cewa, zan ce, nakan ce, in ce. Zagin aikatau da lamirin lokaci su ke ɗaukar kayan. Su kuwa duk kayan nan a ɗafa-ƙeya suka ɗaura shi, wani lokaci har saiwar ma ta motsa, dec- ta koma dig-, ko dij-, ko dir-.

'Yan ajinmu da suka zo daga Amurka da Japan sun sha wuya a nan. Ni abin da ya taimake ni zaure ne, ba boko ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami yana karanta sarfu ya san ƙala, yaƙulu, ƙultu, ƙul: aikatau ɗaya, ma'anarsa ma "ce" ɗin ce, cikinsa yana canjawa daga siga zuwa siga, kuma ba wanda ya ce ya rikice. Tasrifi ne. Almajirin da ya rera fa'ala, fa'ala, fa'alu har ya zauna masa a ka, zai rera dije, dijiste, dijo, dijimos, dijisteis, dijeron ba tare da fargaba ba. Akwai kuma gata na biyu da kunnen Bahaushe ke da shi. Hablo "ina magana" ne, habló "ya yi magana", bambancin kawai gaɓar da aka ƙarfafa. Mutumin da ya tashi yana rarrabe kalmomi da karin sauti ba ya buƙatar a nanata masa wannan.

Tsohon ginin jami'ar, wadda Sarki Alfonso na 9 na Leyon ya kafa a 1218, yana tsakiyar gari, an gina shi da dutsen Villamayor mai launin zinariya. Masu yawon buɗe ido suna cincirindo a ƙofarsa suna neman wani ɗan kwaɗo da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kai. Ni hankalina yana kan mutum-mutumin da ke fuskantar ƙofar, na Fray Luis de León, malamin tauhidin Kirista a jami'ar. A 1572 kotun binciken aƙida ta cocin ta kama shi, cikin tuhumar har da fassara wani sashe na Baibul zuwa harshen gari, aka tsare shi a Bayadolid sai ƙarshen 1576 aka wanke shi. Ana ba da labari cewa ranar da ya koma aji, ɗalibai sun cika maƙil suna jiran ya fashe da kukan zaluncin da aka yi masa, sai ya buɗe darasi da cewa: "Decíamos ayer." Jiya muna cewa.

Masana tarihi sun nuna cewa da Latin ake koyarwa a zamanin, kuma sai bayan rasuwarsa a 1591 aka rubuta labarin. Duk da haka malamarmu ta kai mu ajin nasa, wanda har yau yake da dogayen bencinan katako marasa majingina, ta tsaya ta tambaye mu me ya sa decíamos, ba dijimos ba. Dukansu shuɗaɗɗen lokaci ne. Dijimos magana ce da aka yi aka gama aka rufe. Decíamos kuwa tana nuna ana tsaka da maganar ne, ba ta faɗi inda ta tsaya ba, don haka ana iya ɗorawa. Da wannan ɗafa-ƙeya ɗaya, -íamos, ya ƙi bai wa shekarun kurkuku matsayin da za su yanke masa darasi. Na daɗe a zaune a kan bencin nan. Na koyar da bambancin "mun ce" da "muna cewa" ga ɗalibai masu yawa, amma ban taɓa samun misalin da ya kai wannan nuna cewa zaɓen lokaci hali ne na mai magana ba. Wani sauƙi kuma: a wannan lokacin aikatau uku ne kacal a duk harshen ba sa bin ƙa'ida, ser "kasance" da ir "tafi" da ver "gani". Decir mai taurin kai ma a nan ya bi sahu.

A wannan ginin dai, ranar 12 ga Oktoba 1936, ana cikin yaƙin basasa, shugaban jami'ar Miguel de Unamuno ya yi sa-in-sa da Janar Millán-Astray, kuma maganar da ake jingina masa ita ce venceréis, pero no convenceréis: za ku yi nasara, amma ba za ku gamsar ba. Lokaci mai zuwa ke nan. Asalinsa kalma biyu ne da suka manne, sigar aikatau ta asali da aikatau mataimaki haber, wato vencer "yi nasara" da habéis da aka taƙaita. A baki kuwa mutane sun fi cewa voy a decir, "zan je in ce", kuma duk malamin Hausa ya san "za" ɗinmu ta "zan ce" ita ce ta "za ni kasuwa".

Cin abinci a Salamanka sai da lura ga Musulmi. Lardin ya shahara da naman alade na garin Guijuelo, kuma hornazo, burodin da suke alfahari da shi, cike yake da shi. Kullum sai na tambaya ¿lleva cerdo?, "akwai naman alade a ciki?", kafin in ci, na kuma fi dogara da wainar ƙwai da dankali da kifi. A wurin sayen abincin na lura ba a cika cewa quiero, "ina so", ba. Sai a ce quería, a mayar da buƙatar baya don ladabi, ko quisiera idan an so a ƙara sassautawa. Mu ma idan muka je gaban babba ai "da ma na zo ne in roƙi alfarma" muke cewa. Haka batun usted, wato "kai" ko "ke" na girmamawa: malamai matasa sun ce in kira su da tú, na sabo, na yi, amma dattijuwar gidanmu bakina bai yarda ba. Usted na riƙa ce mata, aikatau ya ɗauki sigar mutum na uku, ita kuma tana kira na hijo, ɗana.

Abin da baƙi suka fi tsoro shi ne subjuntivo: diga, digas, digamos, digan, da na baya, dijera ko dijese. Littattafai sukan jera dokoki barkatai a kansa. Ni dai na gane shi ne ta umartau namu. A rubuce "ya zo" guda ce, amma a baki biyu ce: "ya zo jiya" labari ne, "ina so ya zo" buri ne, wasalin ya gajarce, karin sautin ya sauka. Haka dice yake ba da labarin abin da ake faɗa, diga kuma ya tsaya a kan abin da ake so, ko ake shakka, ko bai riga ya faru ba. Quiero que diga, ina so ya ce. Antes de que diga, kafin ya ce. Ba ko'ina suka dace da namu ba. Su bayan cuando, "lokacin da", in ana nufin gaba, dole subjuntivo, cuando venga, alhali mu shuɗaɗɗe muke sawa, "idan ya zo". Amma tunanin da ke ƙasa ɗaya ne, kuma al'ummar da ke wuni tana "Allah ya kiyaye, Allah ya sawwaƙe" ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Akwai ma wata tsohuwar siga, dijere, da ta bar bakin mutane ta maƙale a dokoki da karin magana. Dokar laifuffukan ƙasar tana cewa el que matare a otro, duk wanda ya kashe wani. Karin maganarsu na matafiya, adonde fueres, haz lo que vieres, shi ne namu na in ka je gari ka ga kowa da jela. Ranar da zan tafi dattijuwar ta rako ni ƙofa ta ce que te vaya bien, hijo, wato lafiya ta bi ka ɗana, ba ta ambaci mai bayarwa ba, amma addu'a ce.

Daga nan na hau motar safa kudu, ta Kaseres da Merida, tafiyar wuni guda cikin busasshiyar ƙasa mai itatuwan zaitun, har Sebiya, wadda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya. Hasumiyar Giralda da ke jikin babban cocin asalinta hasumiyar kiran salla ce da sarakunan Musulmi na daular Muwahhidun suka kammala a 1198. A nan jadawalin da na haddace ya gamu da bakin mutane. Suna haɗiye s ta ƙarshe, har dices da dice su kusa zama ɗaya. Vosotros, "ku" na sabo, ya ja baya, ustedes, jam'in usted, ya maye gurbinsa kamar yadda yake a Latin Amurka. Wani ma'aikacin gidan abinci ɗan Ajantina kuma vos decís yake cewa a maimakon tú dices, "kana cewa", kuma abin da ɗan Madrid zai ce hoy he dicho, "yau na ce", shi hoy dije ne.

Ƙaramin jirgin ƙasa na shiga daga Sebiya zuwa Lebrija, garin fararen gidaje a hanyar Kadis, mahaifar Antonio de Nebrija. Mutum-mutuminsa yana dandalin tsakiyar gari. Shi ya buga nahawun Sifaniyanci na farko a Salamanka cikin Agustan 1492, shekarar da Garnada ta fita daga hannun Musulmi, a zamanin da ake ganin Latin kaɗai ya cancanci a rubuta masa nahawu. Shi ya lura cewa lokaci mai zuwa kalma biyu ne a manne. Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen da ya raɗa wa lokutan da harshen gida: passado acabado, shuɗaɗɗen da ya ƙare, passado no acabado, shuɗaɗɗen da bai ƙare ba, venidero, mai zuwa. Yaro ya ji sunan ya san aikin. Makarantun Sifaniya ba su riƙe su ba, pretérito imperfecto da ire-irensa na Latin muka haddace a aji, kuma na ga yadda sunayen kansu suke zama wa ɗalibi wani darasin daban. Malamanmu da suka zauna suka ƙirƙiro shuɗaɗɗe da mai ci da sabau da umartau hanyar Nebrija suka bi, ni kuma ina tare da su a kan masu cewa a bar mana sunayen Turanci. Wani ɗan Benezuwela, Andrés Bello, ya sake gwada raɗa sunaye masu ma'ana a nahawunsa na 1847, kuma a makarantun Meziko har yau decíamos sunanta copretérito, abin da ke gudana tare da wani shuɗaɗɗen.