Asabar a Gadarif: naman kaza, kullun kisra da masarautun halittu

Ruwan da aka kwana ana yi ya mai da unguwarmu caɓi. Baƙar ƙasar Gadarif, nan gabashin Sudan, in ta sha ruwa ba ta sakin takalmi, don haka ban sa ran yaran za su zo ba. Sai ga su da hantsi: ɗiyar yayata da ƙawarta, da samari biyu na gidan maƙwabta, kowa ya ƙunshe littafinsa a leda. Muka shimfiɗa tabarma a rakuba, wato rumfa. Jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, ce a gabansu, kuma babin rarraba halittu shi ne ya hana su sakat.

Tun kafin a kawo shayi gardama ta kaure. Ɗiyar yayata ta ce masarautun biyar ne, haka ta haddace. Babban cikin samarin ya ce shida ne, a waya ya gani. Suka juyo gare ni. "Kawu, raba mu."

Na ce duka biyun suna da tushe, shekarunsu ne suka bambanta. Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, a 1735 ya kasa masu rai gida biyu, dabbobi da tsirrai. A 1866 Bajamushe Ernst Haeckel ya ga ƙananan halittun da ake gani a madubin ƙara girma ba su zauna daidai a ko ɗaya ba, ya buɗe musu gida na uku, Protista. Herbert Copeland ya ware bakteriya daban a 1938, saboda ƙwayar halittarsu ba ta da cibiya mai rufi. Robert Whittaker ya kawo biyar ɗin a 1969: Monera (gidan bakteriya), Protista, Fungi (dangin naman kaza), tsirrai da dabbobi. Shidan kuwa ta biyo bayan aikin Carl Woese na 1977, da ya nuna cewa Monera ƙungiyoyi biyu ne masu nisan dangantaka, Bakteriya da Arkiya. Duk lokacin da kayan bincike suka ƙaru, sai a ga abin da ba a gani ba a da, a sake rabo. Na faɗa musu a ɗakin jarrabawa su bi tsarin littafin da aka ba su a makaranta, amma su san dalilin kowane tsari.

Daga nan ƙaramin yaron ya zaro wani naman kaza fari daga aljihu, ya tsinto shi a gindin suri a hanya. "Ustaz, wannan a ƙasa ya tsiro, ba ya motsi, ba ya numfashi yadda muke yi. Me ya hana shi zama tsiro?"

Wallahi tambayar nan ta faranta mini rai fiye da duk amsoshin da suka haddace. Na ce mu ajiye kamanni, mu tambaye shi yadda yake cin abinci. Dawa tana da koren ganye, da hasken rana da ruwa da iska take haɗa nata. Akuya haɗiyewa take yi, ta narkar a ciki. Naman kaza ba ya yin ko ɗaya: zararrakinsa suna shiga cikin ruɓaɓɓen abu, su zuba ruwan narkarwa a waje, sannan su tsotse. A kan hanyoyin nan uku Whittaker ya gina rabonsa na manyan halittu. Sai bangon ƙwayar halitta. Na tsiro da selulos aka yi shi, abin da ke cikin auduga. Na naman kaza kuwa da kaitin ne, irin wanda ke ɓawon fara. Abincin da yake ajiyewa ma gilaikojin ne, irin na hantarmu, ba sitaci irin na tsirrai ba. Da na ce binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, ƙawar ɗiyar yayata ta ajiye biro ta ce, "La ila!"

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da babin nan kamar jadawalin da za a haɗiye a amayar ranar jarrabawa. A ƙasar nan bai kamata ya zama haka ba. Na tambaye su ko sun san nabit. Dukkansu sun sani. Wani ya ce kakansa a wajen Sinnar an yanke masa ƙafa saboda ita. Ciwon yakan fara ne da kumburi maras zafi, sau da yawa bayan ƙaya ta soki manomi ko makiyayi, daga baya ya huje yana fitar da ƙananan tsabobi. A ido ciwo ɗaya ne. Amma wani na Fungi ne, galibi Madurella mycetomatis mai baƙaƙen tsabobi, wanda ya fi yawa a Sudan. Wani kuma na bakteriya ne, irin su Streptomyces somaliensis. Na bakteriya yana jin magungunan kashe bakteriya. Na Fungi ba ya jin su, sai maganin Fungi na watanni masu yawa, sau tari har da tiyata. Ke nan tambayar farko da likita zai yi ita ce wadda ke cikin littafinsu: daga wace masarauta abin nan ya fito? A Khartum aka kafa cibiyar binciken wannan ciwo a 1991, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Ina magana rakubar ta yi tsit, yaron da ya ambaci kakansa yana rubuta sunayen a hankali, harafi bayan harafi.

Protista ba ta ɗau lokaci ba. Na ce ɗakin shirgi ce: duk mai cibiya a ƙwayarsa da ba dabba ba, ba tsiro ba, ba Fungi ba, can aka tura shi. Amiba tana ciki, da Yugilina mai kore kuma mai iyo da bulala. A ciki ne kuma ake samun Plasmodium na zazzaɓin cizon sauro, da Leishmania na ciwon kala'azar, wanda ƙauyukan jihar nan suka sani sarai.

Da azahar matata ta leƙo ta ce, "Malam, ku tashi haka nan, kisra za ta huce." Na roƙe ta ta miƙo mana ɗan ragowar kullun dawar da ake gasa kisra da shi. Na sa suka sansana tsaminsa, suka duba kumfar da ke tashi. A cikin cokali guda ga garin dawa na masarautar tsirrai, ga bakteriya masu kawo tsami, ga yis na Fungi. Ɗiyar yayata ta ce har da mai sansanawa, dabbobi ma sun halarta. Ta yi daidai.

Bayan cin abinci muka koma kan Woese, don babban yaron bai haƙura da shidansa ba. Arkiya suna kama da bakteriya a madubi, amma bangonsu ba shi da peptidogilaikan, sinadarin da penisilin ke hana bakteriya ginawa. Ana samunsu a ruwan gishiri mai kauri, da maɓuɓɓugan zafi, da tumbin shanu inda suke fitar da iskar methane. A 1990 Woese da abokan aikinsa suka ɗora rukunoni uku a saman masarautu: Bakteriya, Arkiya, da masu cibiya, inda mu da dawa da naman kaza muke tare. Ya tambayi inda bairos yake. Na ce ba ya cikin ko ɗaya, domin ba shi da ƙwayar halitta tasa, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ta wani.

Aikin gida da na ba su babu hadda a ciki. Kowa ya zo da abu biyar daga gidansu ko gona, ya amsa a kansu: akwai cibiya ko babu, ƙwaya ɗaya ne ko da yawa, da me aka yi bangon, yaya yake samun abinci. Ƙaramin ya ce zai kawo ƙuduji daga gonar babansa, tun da yana da kore amma kuma yana tsotson saiwar dawa, yana son ya ji inda zan sa shi. Na ce ya haƙo shi da saiwar dawar a manne, kada ya fizge.