Lahadi a Kissimmee, da fentin da na gani a bayan yaron nan

Sha ɗaya ta wuce, gidan ya yi tsit, amma kunnena har yanzu yana ƙara kamar ana suyar gugguru a cikinsa.

Ɗana Abba dai ya samu yadda yake so. Wata biyu ke nan yana bina da maganar gasar ƙarshen shekara ta NXL, masu shirya manyan gasannin wasan harbin fenti, wadda suke kira Kofin Duniya, da ake yi a garin Kissimmee na jihar Florida a Amurka a watan Nuwamba. Na ce sai makinsa na lissafi ya gyaru. Ya gyaru, alkawari kuwa kaya ne. Muka fita da hantsi, 'yata Ummi ta maƙale sai an tafi da ita, mamansu ta ce a bar ta ta huta, ta cika mana kula da dafa-duka. Hanyar I-4 yau ta yi mana kirki.

A mota Abba ya zama malami. Shi ya ba ni labarin cewa a shekarar 1981 aka fara wasan, a wani daji na jihar New Hampshire, mutum 12, da irin bindigar da ake sa wa itatuwa da shanu alama da ita. Wanda ya ci wasan farkon nan, wani ma'aikacin gandun daji, ko harbi ɗaya bai yi ba, laɓe da sanɗa kawai. Wannan ya burge ni, na ce ya sake faɗa.

Abin da muka tarar ba daji ba ne. Filaye ne a jere kan ciyawa, kowanne an kewaye shi da doguwar raga, a ciki an baza manyan jakunkunan da aka hura wa iska don a ɓuya a bayansu. Gefe ɗaya akwai wata doguwa kwance a ƙasa da suke kira maciji, sai da jan ciki ake shiga. Ɗaya gefen masu kusurwa uku ne. Mutum biyar nan, biyar can. Da an busa, sai kowa ya zabura, bindigogi na feshi, kusan ƙwallo goma a daƙiƙa ɗaya daga kowace, kuma doka ta hana gudun ƙwallon ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Wanda ya ƙarar da abokan karawa sai ya ruga ya danna ƙararrawar gefensu, an ci maki ɗaya ke nan, a sake jeri. Wani zagayen ko minti ɗaya ba ya kaiwa.

Na ji daɗi, gaskiya. Mun zauna a babban fili mun kalli ƙwararru. Abba na nuna mini rigunan ƙungiyoyin Dynasty na San Diego, da Houston Heat, da Edmonton Impact da suka zo daga Kanada, yana kiran sunayen 'yan wasa kamar 'yan unguwarsu. Da farko ban gane komai ba, sai da ya ce in daina bin hayaniyar, in zaɓi mutum ɗaya in bi shi da ido. Nan take wasan ya buɗe mini. Na ga yadda na baya ke zuba ƙwallo a wata 'yar kafa don kada kowa ya ratsa, na gaba kuma yana jira numfashi ɗaya ya faɗa cikin macijin. Akwai lissafi a ciki sosai. Ummi ta tsinci ƙwallo ɗaya da bai fashe ba, ta matse shi a hannu. Ɓawonsa irin na kafson magani ne, jelatin, kuma sai na tambayi Malam hukuncinsa kafin Juma'a, tunda na san daga fata da ƙashin dabba ake samunsa.

Azahar a bayan mota, kan ciyawa. Dafa-dukar ta ƙare tas.

Bayan sallah ne muka gangara wajen ƙananan filaye, inda samari masu tasowa ke karawa, don a can mutum na iya tsayawa dab da raga. Zagaye ya zo ƙarshe, saura biyu da ɗaya. Wani siririn yaro mai koren ɗankwali ƙarƙashin abin rufe fuskarsa yana kwance a maciji, bai fi taku goma daga inda nake ba. Da idona na ga ƙwallo ya fashe a ɗamarar bayansa, inda suke jera robobin ƙwallaye. Fentin ya yi ɗau. Na ga ya ɗan waiga. Sai ya mirgina, ya juya bayansa ga jakar iskar, gabansa ga alƙalin wasa, ya ci gaba da harbi. Ya fitar da na farko, ya fitar da na biyu, ya tashi ya danna ƙararrawa. Mutanensa suka ɗau ihu.

Tun kafin ya tashi bakina ya riga ni. Na ɗaga murya na ce an same shi, a baya, a duba bayansa. Mutane biyu uku suka juyo. Wani mai tsaron gefen fili ya matso, cikin ladabi ya ce ba a yarda 'yan kallo su gaya wa na ciki komai ba. Na ce to, na ji.

Ba wannan ne ya tsaya mini ba. Abba ne. Ya ja hannun rigata, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, don Allah, ba a yin haka a nan." Da Hausa ya faɗa. Yaron da sai na maimaita tambaya sau uku kafin ya amsa mini da Hausa a gida, yau ta zo masa a baki tsaf, don kada na kusa da mu su ji yana gyara wa ubansa.

Na ce, "Amma ka ga abin da na gani?"

Ya ce ya gani. Ya ce a ɗamara mutum ba ya jin bugun, kuma ƙwallon da ya buge ka bai fashe ba ba a ƙirga shi, don haka ba ka da tabbas, in ka tsaya dubawa kuma a harbe ka. Ya ce shi ya sa aka zuba alƙalai a fili. In sun kama ka da fenti a inda ba ka iya gani, za su ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, su fitar da kai su haɗa da mutum ɗaya naku. In a bayyane yake, ja ce, mutum biyu za su bi ka. Ya ce kowa ya san farashin, kowa kuma ya yarda da shi.

Na ce, "Ya waiga, Abba. Ya sani."

Sai ya ce, "Aikin alƙali ne, Baba. Ba aikinsa ba ne ya fitar da kansa."

Ban ce komai ba, don Ummi na kallonmu. Amma maganar ta bi ni har mota, ta bi ni har gida. Bayanin nasa ba shirme ba ne, na sani. An tsara doka, an sa mata hukunci, an ajiye masu lura. Sai dai mu da muka yi langa a dandali da farin wata, babu alƙali ko ɗaya. In ƙafarka ta suɓuce daga hannunka, kai ne farkon sani, kuma kai za ka koma gefe ko ba wanda ya gani, don in aka gane ka sake riƙewa a ɓoye, gobe ba mai ɗaukar ka a ɓangarensa. Ina ta tambayar kaina ko yaron mai koren ɗankwali yana jin wani abu a ransa a daren nan, ko kuwa barcinsa yake sha. Ina kuma tambayar kaina ko Abba a bakin raga kawai yake da wannan ra'ayin, ko da shi yake shiga ɗakin jarrabawa. Wannan ta biyun ce ta hana ni kwanciya. Shekararsa 14. Ban taɓa kama shi da ƙarya mai nauyi ba. Amma yadda maganar ta fito masa babu ko gargada, kamar abin da ya daɗe da yanke wa hukunci, ita ta dame ni.

A hanyar dawowa Ummi ta yi barci, tafinta duk fenti. Mun yi magariba a gida.

Bayan isha Abba ya leƙo falo da wayarsa, ya nuna mini abin rufe fuska da yake so, da wani fili kusa da mu da ke karɓar sababbin shiga ranar Asabar. Ya ce, "Baba, in na tara rabi, za ka cika?" Na ce ya bari sai da safe. Mamansu ta dube ni ta ce lafiya, na ce gajiya ce. Takalmansa suna bakin ƙofa, ciyawa da fenti sun manne a ƙasansu, na ce ya wanke kafin ya kwanta, ya manta.