Bijimin ɓauna a kwarin Zambezi

Har yau tsohon bijimin ɓaunan nan na kwarin Zambezi a Zimbabuwe bai fita raina ba. Tubarkalla! Jiki duk busasshen taɓo, ƙahoni sun haɗe a goshi kamar garkuwa, kunnuwa a yayyage. Da ya kafe mu da ido, sai da gabana ya faɗi.

Jagoranmu na farauta ya raɗa min kada a kuskura a auna goshin nan da bindiga. Jira ake ya ba da gefe, a bi ƙafar gaba a hau sulusin jiki, daidai zuciya da huhu. In aka kuskure, laɓewa yake a duhuwa ya jira mai bin sawunsa.

Ranar bai juya ba, muka ƙyale shi. Wallahi na ji daɗi.