Jifa daga bakin layi: inda rafari ke shan surutu

Duk wanda ya taba rike usur a filayen kwallon kwando na Kumasi, Aboabo ko Asawase ko can wajen Tafo, ya san ba fawul ne ke kawo rigima ba kamar jifa daga waje. Dokar a takarda gajera ce, sashe na 17 a littafin FIBA, hukumar kwallon kwando ta duniya: sakan 5 ka saki kwallo, kar ka matsa gefe fiye da mita 1, baya kuwa ka ja iya yadda fili ya bari, kuma kar ka taba ta a cikin fili sai wani ya taba. Shikenan. Amma filin namu wani bango ne ke manne da layi, wani kuma kwata ce a bayansa, to ina bayan da za ka ja?

Littafin bai manta da mu ba fa, mutane ne basa karantawa. Ya ce in tsakanin layi da abin da ya tare bai kai mita 2 ba, babu dan wasan da zai matso kusa da mai jifa kasa da mita 1, ko nasa ne ko na abokan hamayya. Ni yanzu kafin a daga kwallo nake kiran kyaftin biyu da kociyoyi in nuna musu bangon da hannuna, nan mita daya ce, nan ma. Minti biyu kawai amma yana rage min ihu sosai.

Wadda ta fi daure ma yara kai ita ce in mai jifa ya miko hannu da kwallo ta tsallako layi, mai tsaro ya fizge. Wani yaro dogo ya yi min haka, ya kwace ya ruga ya zuba a kwando, na busa na ce a sake jifa, na yi masa gargadi. Ya biyo ni yana cewa "Baaba, ai ita ta shigo fili, ba ni na fita ba!" Kocinsa ma ya taso da waya a hannu wai zai nuna min bidiyo. Na ce masa malam koci, bidiyonka na Amurka ne, a dokar makarantun sakandare na can an yarda da hakan, mu kuwa FIBA muke bi, a wajenta wannan katsalandan ne ga jifa, in ya sake kuma takanikal ce, wato fawul na rashin bin ka'ida. Rabin gardamar da nake sha daga nan take, kowa da littafin da ya gani a YouTube ko a wasan NBA, gasar kwararru ta Amurka, na tsakar dare.

Sai kibiya, wato alamar da ke kan tebur mai nuna wa zai jefa in yan wasan bangarori biyu sun rike kwallo tare. A FIBA daga kwallo a tsakiya a yi mata tsalle sau daya ne, farkon wasa, sauran duk kibiya ce. Masu tebur namu, Allah ya saka musu, yawanci dalibai ne yan sa kai, da sun ga na mika kwallo sai su juya ta, alhali ba a juyawa sai wani ya taba kwallon a cikin fili ta halal. In mai tsaro ya sa kafa ya shure ta da gangan, kibiya na nan inda take. In aka yi fawul kafin jifar ta kare, ko wane bangare ya yi, kungiyar da kibiya ta ba jifar bata rasa ta ba. Amma in mai jifar ne ya wuce sakan 5, ya yi asarar kwallo ya yi asarar kibiya.

Akwai kuma masu wayo da ke buga kwallo a bayan mai tsaron da ya juya musu keya, su shigo su dauka. Yan kallo sai su hau ihu wai rashin kunya ne. Halal ne, muddin ya riga ya shigo fili kafin ya taba kuma ba da mugunta ya jefe shi ba. Wanda ya jefa daga waje ta fada kwando kai tsaye ba ta taba kowa ba kuwa, ba maki, laifi ne ma.

Abin da littafi bai ambata ba fa? Kamar akuya ta ratso fili ana tsakiyar jifa, ko dan kallo da ke jingine da bango ya taba kwallo a hannun mai jifa, wannan duk mun gani. Sashe na 46 ya ba babban alkali ikon yanke hukunci kan abin da doka bata fada ba, amma ni bana gaggawar fakewa da shi, don sau da yawa amsar na cikin littafin fassarar dokoki da FIBA ke fitarwa daban, wanda kyauta ake sauke shi a waya. In da gaske babu, sai in tsayar da wasa, in kori akuyar, in mayar da kwallo inda take ga mai ita, in duba agogo ko ya ci wani abu a gyara, sannan in fada ma kociyoyi biyun a tare cewa in ta sake faruwa a daya bangaren haka zan yi.