Asabar: ni da Yaya a kan Frankel da Arkle

Ruwa ya hana fita yau, sai muka zauna a zaure ni da Yaya da waya ɗaya, muna kallon tsofaffin tseren dawaki na Ingila. Shi tun muna yara mutumin sukuwar fili ne, don haka da Frankel ya fara: tseren 2000 Guineas na 2011 a Newmarket. Ana sakin su dokin nan ya yi gaba, kafin rabin hanya ya bar sauran can baya, mahayinsa Tom Queally ko bulala bai ɗaga ba tukuna. Duk kallon da na yi masa sai tsigar jikina ta tashi.

Yaya ya ce, "Sau 14 ya fito, sau 14 ya ci. Kawo min wani."

Na ce, "Yaya, a yi haƙuri a sa mana Arkle."

Ban kawo masa zancen maki ba, ko da yake Timeform, kamfanin da ke auna ƙwazon dawakin tsere, ya ba Arkle 212, ya ba Frankel 147. Mudun ba ɗaya ba ne: ma'aunin masu tsallake shinge irin su Arkle daban, na masu gudun fili irin su Frankel daban. Abin da na so ya duba shi ne irin rayuwar da kowannensu ya yi. Dokin fili yana fara tsere da shekara biyu, da ya kai uku ko huɗu sai a mai da shi barga don barbara, domin kuɗin yana wajen 'ya'yansa. Frankel ma a 2012 aka ajiye shi yana ɗan shekara huɗu. Masu tsallake kuwa yawancinsu dandaƙaƙƙu ne, babu wata barbara da ke jiransu, sai su yi ta dawowa duk lokacin sanyi, cikin taɓo, har jama'a su san halin kowanne.

Arkle dokin Ireland ne. Ya ɗauki Kofin Zinare na Cheltenham a 1964 da 1965 da 1966, tseren da ya wuce mil uku. Abin da ya fi kama ni shi ne nauyi. A wasu tseren akan ƙara wa gwani dalma a ƙarƙashin sirdi don a daidaita shi da sauran, shi kuwa ya ci tseren Hennessy, ɗaya daga cikin irin waɗannan, ɗauke da kusan kilo 79. Har sai da masu tsara nauyi a Ireland suka riƙa fitar da jeri biyu, ɗaya in zai fito, ɗaya in ba zai fito ba. A Disambar 1966 a Kempton ƙashin cikin kofatonsa ya tsage ana tsakiyar gudu, ya daure ya zo na biyu. Frankel bai taɓa shiga irin wannan tseren na ƙarin nauyi ba. Ba laifinsa ba ne, amma ni a wurina dokin da aka yi ta ɗora wa kaya don a ga bayansa, bai kuma sare ba, shi ne babba.

Yaya bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce mafi kyawun jini fili ake kai shi, da yawan masu tsallake waɗanda gudu bai ishe su ba ne. Ya kawo Red Rum, wanda ya fara da gajeren tseren fili kafin ya ci Grand National, babban tseren tsallake shinge na Ingila, a 1973 da 1974 da 1977. Na ce ai wannan shaidata ce, na ukun yana da shekara 12 ya ci, bayan shinge 30.

Sai ya yi shiru, ya ce shi abin da ba ya iya kallo shi ne doki ya faɗi a gindin shinge, a zo a kewaye shi da koren labule. Nan ban ce komai ba, don ni ma abin yana ci mini rai.

Da zai tashi ya ce gobe zai sa min Secretariat, dokin fili na Amurka, a tseren Belmont na 1973, inda ya ba na biyu tazarar tsawon doki 31, in ya so in sake faɗin ra'ayina.